Ƙauyen da Ya Ja Wayar Wutarsa da Kansa

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Shugaban taro ya ce in taƙaita, saboda haka abu uku zan taɓo: garin da ya ɗauki alkawari, wa ya mallaki wutar lantarkin, sai tsimin wuta.

Na farko Greensburg, jihar Kansas a Amurka, gari mai mutum wajen 1,400. Ranar 4 ga Mayu 2007 guguwa ta share kusan kashi 95 cikin 100 na garin. Da za a sake gini, majalisar gari ta ce duk babban ginin hukuma sai an tsara shi yadda ba zai sha wutar lantarki da yawa ba, aka kuma kafa injinan samar da lantarki daga iska guda 10 a bayan gari, megawat 12.5. Sai dai da yawa ba su dawo ba, ƙidayar 2010 ba ta sami mutum 800 ba.

Yanzu ku gyara zama, ga wanda nake so. Feldheim, a Jamus, kudu da Balin. Mutum wajen 130 ne. Wallahi wani gidan a Fagge ya kusa kai su! (dariya) Tun 1995 aka fara kafa injinan iska a gonakinsu, domin wurin fili ne fetal, iska ba ta hutawa. A 2008 suka ƙara da wurin da ake haɗa gas daga masara da kashin dabbobi, har da na aladu. Alhaji na ga ka yamutsa fuska, na shanu ma yana yi. To ga wuta tana fita daga gonarka, amma sai ta bi wayar kamfani kafin ta dawo ɗakinka, da farashin kamfani. Suka je wa kamfanin E.ON suka ce sayar mana da wayoyin ƙauyen, ko ka ba mu haya. Ya ce a'a. Me suka yi? Ba su yi zanga-zanga ba. Karo-karo suka yi, kowane gida Yuro 3,000, aka haɗa da tallafin jiha da na Tarayyar Turai da abokin aikinsu, kamfanin injinan iska Energiequelle, suka haƙa rami suka binne tasu wayar. A 2010 suka kunna. Ku ji fa, tasu wayar! Ba falwaya ba, a ƙasa take. Kuma mai zuba Yuro 3,000 ba ya barin taron ƙauye ya wuce shi, domin a nan ake zancen kuɗin wuta. Na maimaita, Yuro 3,000, gida gida.

Haka tsibirin Samsø na Danmak, bayan ya ci gasar gwamnati a 1997: manoma da ƙungiyoyin gama kai ne suka sayi hannun jari a injinan iskar tsibirin. Ƙarar injin maƙwabci ce ke hana barci, naka kuwa ko yana gurnani sai ka yi minshari.

Na huɗu... na uku ne? To, tsimi. An miƙo mini takarda. A taƙaice, Greensburg ta mayar da fitilun titinta LED masu ƙarancin shan wuta, kuma ginin da rana ke haskawa ba ya neman ƙwan fitila da azahar. Wutar da ba ka sha ba, ba sai ka sayi batirinta ba.

(Tambaya daga wata malama: Malam, mu da ke Katsina ga injinan iska a Lambar Rimi, me ya sa ba mu zama Feldheim ba?)

Hajiya kin sosa inda ke yi mini ƙaiƙayi. Injina 37 ne a can, megawat 10, aikin ya ja fiye da shekara 10. Amma tambayi mai shayi a Rimi ko yana da sisin kwabo a ciki. Daga sama aka kawo, gwamnati da ɗan kwangila. A ganina a yawancin Arewa rana ta fi iska tabbas, kuma dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Don haka ƙungiyar 'yan kasuwarku ta fara lissafa abin da kowane shago ke ƙonawa a janareta duk wata, kafin ku nemi mai sola. Akwai wata tambayar? Ɗan'uwa mai farar hula, a miƙa masa makirfo.