Ɗan Rahoton Talabijin da Gonarsa ta Tumatir

Assalamu alaikum. Malamai, ina gaisuwa. 'Ya'yana ɗalibai, sannunku da zama.

An ce in yi magana kan aikin ɗan rahoto a gidan talabijin na jiha. Tarihin kun karanta shi a aji: Kaduna ta fara talabijin a 1962, aka kafa NTA a 1977, sannan gwamnatin marigayi Abubakar Rimi ta buɗe CTV 67 a nan Kano, wadda yau ake kira ARTV. Ba zan tsaya nan ba.

Lokacin da na fara aiki, mu uku muke fita: ni, da mai kyamara, da mai ɗauke da rikoda a kafaɗa, kaset ɗin kamar bulo. Rabin aikinmu bin taro ne. A yanka kirtani, a yi jawabi, mu koma ofis mu tace kafin labaran dare. Na shekara da shekaru a haka.

To amma ni ɗan manomi ne, ina da 'yar gonar tumatir a Kadawa, nakan je duk Asabar. Abokan aiki suna ganin ɓata lokaci ne. A ranin 2016 na je, wani dattijo maƙwabcina ya kama hannuna ya ce, "Malam, zo ka gani." Ya juya ganye, sai ga wasu fararen zane-zane, tsutsa ta shige tsakanin ganyen tana ci daga ciki. Shi ya sa feshi ba ya kama ta. Manoma suna ce mata sharon, masana kuma Tuta absoluta. Ya fasa tumatir ɗaya da yatsa, ciki ya ruɓe. Wallahi hannunsa rawa yake, don bashi ya ci ya yi noman.

Ranar Litinin na koma da kyamara. Babu wanda ya aiko mana takardar gayyata. Kafin wani lokaci kwandon tumatir ya gagari talaka a kasuwar 'Yankaba, masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta tsaya don rashin kaya, Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu.

Dattijon nan bai yi magana da ni don makirfo ba. Ya san ni da fartanya, mun sha fura a inuwa ɗaya. Shi ya sa nake tambayar duk ɗalibin da aka turo mini koyon aiki: in ka tashi daga ofis, ina kake zuwa? Wata ta ce mini gidan kitso. Na ce madalla, gobe ki zo mini da abin da mata ke kuka a kai. Ta zo da labarin tsadar ruwan 'yan garuwa, muka buɗe labaran dare da shi.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, a miƙa masa makirfo.