Su Wane Ne Ke Yashe Kwatar Unguwa? Mutanen Da Ke Riƙe Da Ƙungiyoyin Ci Gaba A Gusau

Assalamu alaikum, masu kallo.

Wannan da kuke gani kwata ce a wani lungu cikin Gusau, damina tana bakin ƙofa. Ga ledar fiya-wata, ga yashi, ga gwangwanin madara da tsumma, har da takalmin yaro ƙafa ɗaya. Duk abin da unguwa ta zubar tun kaka yana nan kwance, yana jiran ruwan farko. In aka bar ta haka har watan Agusta, ruwa zai bi ta zaure ya shiga gida, ya cinye gindin katangar ƙasa, masai ya cika ya tumbatsa. Amma ranar Asabar da hantsi za ku tarar da samari tsaye cikinta har gwiwa, da shebur da baro, alhali babu wanda ya ɗauke su aiki kuma babu wanda zai biya su. Wa ya tara su? Ina aka samo kuɗin shebur ɗin? Me ya sa wata ƙungiyar take shekara goma tana aiki, wata ko damina biyu ba ta gani?

Bari mu fara gyara suna. A Kano ko Abuja in aka ce ƙungiyar sa-kai, abin da ke zuwa ran mutum shi ne masu aikin taimakon jama'a. A Zamfara kuwa, kana cewa 'yan sa-kai, hankali zai tafi daji, wurin masu ɗaukar makami. Don haka mutanen da muke magana a kansu sun fi son a kira su ƙungiyar ci gaban unguwa, ko ta taimakon kai da kai. Tsofaffi ma ba su wahalar da bakinsu, gayya suke ce mata, kamar yadda ake taruwa a nome gonar mutum ɗaya a yini guda.

Gusau gari ne da ya yi girma sau uku, kowane karo ba tare da an tambayi kwatocinsa ba. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta nan ya ƙare a Ƙauran Namoda a 1929, ya jawo fataken auduga da gyaɗa da baƙi daga kudu, Sabon Gari ta cika. A ranar 1 ga Oktoba 1996 aka cire Zamfara daga Jihar Sakkwato, Gusau ta zama babban birni, ma'aikata suka kwaso iyali suka dawo gida, aka yanka gonaki aka mai da su fegi. Karo na uku shi ne wanda muke ciki: mutanen ƙauyuka da 'yan bindiga suka tasa, waɗanda suka cika kangaye da ɗakunan 'yan'uwa. Masaƙar da ta taɓa ciyar da gidaje da yawa ta daɗe da yin shiru. Famfon da aka kafa don gida talatin yanzu layinsa ya kai bakin titi.

To a irin wannan unguwa, yawanci abin yana farawa ne daga mutum ɗaya mai naci. Sau da yawa ɗan fansho ne, tsohon malamin firamare ko tsohon ma'aikacin reluwe, mutumin da ya saba rubuta wasiƙa ya ajiye kwafinta. Shi ne zai yi ta maganar a majalisa bayan La'asar har a gaji da shi. Yana da lokaci, yana da biro, ya san wace ƙofa ake bi a sakatariyar ƙaramar hukuma. Abin da ba shi da shi kuɗi ne da ƙarfin ɗaga shebur, kuma ya san haka.

Wurin mai unguwa zai fara zuwa, don in babu yawunsa, taron da aka yi a ƙofar gida ma sai a ce wani abu ake ƙullawa. Mai unguwa ya sanar da uban ƙasa. Liman kuma ya yi shela bayan sallar Asuba ko Magariba. Waɗannan biyun da wuya ka gan su cikin kwata, aikinsu shi ne ranar da wani ya toshe hanyar ruwa da katanga, ko ya ce ba za a taɓa gaban shagonsa ba. Ran nan saurayi ɗan shekara ashirin ba shi da bakin magana. Sai mai unguwa ya tako da kansa ya ce, "Alhaji, wanga ruwa ba naka ba ne kai ɗai, ka yi haƙuri a buɗe mai hanya."

Yanzu ku dubi wannan littafi. Na makaranta ne mai shafi tamanin, bangonsa ya sha hannu har ya yi laushi, an ja layi da rula: sunan mai gida, wata, abin da ya bayar, sa hannu ko dangwale. Littafin ma'aji ke nan, kuma a ganina ran ƙungiyar yana cikinsa. Shugaba ana iya canza shi gobe da safe. Ma'aji kuwa in aka yi kuskuren zaɓensa, magana ta ƙare.

Mu yi lissafi na misali. A ce gida 200 ne a unguwar, aka yanka wa kowane Naira 500 a wata. A takarda Naira 100,000 ke nan. A zahiri akwai gwauruwa mai marayu da ba za a tambaya ba, akwai ɗan haya da zai ce a je wurin mai gida, mai gidan kuma yana Kaduna, akwai wanda zai ce sai ya ga abin da aka yi da na watan jiya. Wannan na ƙarshen ana yawan jin haushinsa, amma shi ne ya fi kowa amfani, domin shi yake tilasta a karanta lissafi a fili. Ƙungiyoyin da suka daɗe suna da ɗabi'a kusan iri ɗaya. Mai karɓar kuɗi daban, mai ajiya daban. Ba a cire ko sisi daga banki sai mutum biyu ko uku sun sa hannu. Ƙarshen wata a tsaya a ƙofar masallaci a karanto: an samu kaza, an sayi siminti buhu kaza, ga rasit, saura kaza. In wani dattijo ya ce, "To ɗana, kuɗɗin yashin nan hwa sun yi yawa," ma'aji ba ya ɓata rai, sai ya ce, "Baba, ga mai tifar nan zaune, a tambaye shi." Mutanen da suka taɓa ba da kuɗin taransifoma shekara da shekaru, ba su ga wuta ba ba su ga kuɗi ba, ba za ka rarrashe su da wa'azi ba. Rasit suke so su taɓa da hannu.

Aikin ma'aji ya ƙara ɗaci a 'yan shekarun nan. A farkon 2023 takardar kuɗi ta yi wuyar gani, mai bin gida gida ya dinga dawowa hannu rabbana. A ranar 29 ga Mayu na shekarar aka janye tallafin mai, kuɗin tifa da na jigila suka tashi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wurare da dama. Kwalbatin da aka yi wa ƙiyasi da rani, kafin a gama tara kuɗinsa ya zama wani farashin, sai a koma a sake yi wa jama'a bayani, kuma bayani na biyu ya fi na farko wuya.

Akwai waɗanda ba za ku gani a hoton taro ba, su ne mata. Mai karɓa namiji iyakarsa zaure. Wadda ke shiga har tsakar gida ita ce uwar adashi, ko malamar Islamiyya, ko ungozoma, matar da ta san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Ita ce za ta ce wa kwamiti, "Gidan wance ku tsallake shi wannan watan." Ita ce kuma za ta yi sallama ta ce, "Yaya, don Allah a daina aiken yara da shara cikin kwata da dare." Sharar gida ai daga hannun mata take fita zuwa kan yara, don haka duk dokar tsaftar da maza suka yanke a majalisa ba su shigo da mata ba, a majalisar take kwana. Su ne kuma suka fi sanin abin da ƙazantar ruwa ke jawowa. A 2021 amai da gudawa ya kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ya kashe sama da 3,000, kuma Zamfara na cikin jihohin da suka ji jiki. Uwar da ta kwana zaune tana ba yaro ruwan gishiri da sukari ba ta buƙatar dogon jawabi kan amfanin gyaran masai.

Samari su ne ƙarfin, wannan kowa ya sani: 'yan ƙwallon unguwa, 'yan acaɓa, ɗaliban da ke hutu. Sai birkila da mai walda da mai gyaran famfo, waɗanda ke yafe kuɗin hannu ko su karɓi rabi. Birkilan shi ne zai duba ya ce gangaren kwatar nan ba daidai yake ba, in aka gina haka ruwa zai kwanta. In aka ƙi jin maganarsa don a burge babban baƙo da sauri, baɗi sai an fasa.

Sai kuma 'yan unguwar da ke Abuja da Legas da Saudiyya, masu turo gudummawa ta waya suna bin aikin a zauren WhatsApp. Muhimmancinsu ya fito fili a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro. Makonni aka yi babu kira babu saƙo, sai wanda ya yi tattaki zuwa wani garin da ke da sabis. Ƙungiyar da duk lissafinta yana cikin waya ta tsaya cik. Mai littafi da biro ya ci gaba da zagayensa.

In ƙungiya ta fara girma, sai maganar rajista ta taso. Wasu a ƙaramar hukuma ko ma'aikatar jiha suke tsayawa. Mai son cikakkiyar rajista sai ya nufi hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, CAC, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ana buƙatar amintattu aƙalla biyu, da tsarin mulki a rubuce, a buga sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Daga nan ƙungiya ta zama kamar mutum a idon doka: ta buɗe asusu da sunanta, ta mallaki fili, ta kai ƙara ko a kai ta. Amfanin wannan yana bayyana ranar da attajirin da ya ba da filin rijiyar burtsatse ya rasu, magada suka zo rabon gado. In an rubuta filin waƙafi ne, an sa shaidu, shi ke nan. In a baki aka yi, sai dai a yi ta rantse-rantse.

Rajistar tana kuma buɗe ƙofar tallafi. Misalin da aka sani shi ne CSDP, shirin raya al'umma na Bankin Duniya, wanda ya fara aiki a 2009 kuma yanzu ya ƙare, Zamfara ma ta shiga. Tsarinsa a lokacin shi ne jama'a su zaɓi aikin da kansu, su kafa kwamitin da zai riƙe kuɗin, su kawo kashi 10 cikin 100, ko da kuɗi ko da yashi da ƙwadago, shirin ya cika sauran. Hikimar kashi goman a bayyane take, famfon da ka zuba guminka a ciki ba ka barin yaro ya yi lilo da hannunsa.

Akwai baƙon da ke zuwa duk bayan shekara huɗu. Ɗan takara zai aiko da baro goma da riguna masu hotonsa, wani lokacin har da alkawarin sola. A karɓa ko a ƙi? Ni dai na fi ganin hikimar masu karɓar baron su mayar da rigunan. Ranar da samari suka shiga kwata sanye da rigar jam'iyya, rabin unguwa ya daina biyan kuɗin wata, kuma bayan zaɓe ba lallai su dawo ba.

Maganar 'yan gudun hijira ita ce ta fi raba kan kwamiti. Wani zai ce ba su biya, ga shi sun ƙara layin famfo. Wani ya ce mutumin da ya baro rumbunsa da shanunsa ya tsira da rigar wuyansa, me za ka yanka masa? Inda aka yi dace, sai a ce su kawo ƙarfi a maimakon kuɗi. Manomi ne, ya fi ɗan birni sanin riƙon shebur nesa ba kusa ba, kuma gayyar ma daga wurinsu ta samo asali.

Mu koma lungun da muka fara. Azahar ta yi, an yashe kwatar, an sha kunun zaƙin da mata suka aiko, an ɗauki hoto, samari sun tafi wanka. Ku dubi gefen hanya. Duk baƙin taɓon da aka fito da shi yana nan tsibi tsibi, taku ɗaya daga bakin kwatar. In ba a kwashe shi ba kafin hadari ya haɗo, ruwan dare ɗaya zai mai da shi inda ya fito. Ga tsohon malamin can tsaye a inuwar dalbejiya, waya a kunne, karo na huɗu ke nan yana kiran mai tifa. Ma'aji na gefensa ya buɗe littafi yana duba ko abin da ya rage zai kai sawu biyu.