Jami'ar Roehampton da karatun tarbiyyar ƙananan yara

Masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. A kudu maso yammacin Landan akwai wata jami'a da sunanta bai yi amo kamar Oxford ko Cambridge ba, amma in ana zancen tarbiyyar ƙananan yara, malaman Ingila sun san ta sarai. Ita ce Roehampton.

A takarda ba ta daɗe ba, domin sai a 2004 ta zama jami'a mai cin gashin kanta. Kwalejoji huɗun da suka haɗu suka samar da ita kuwa sun tsufa. Whitelands ta Cocin Ingila ta buɗe a 1841 don horar da malamai mata. Southlands ta 'yan Methodist ta biyo baya a 1872, Digby Stuart ta Katolika a 1874, sai Froebel a 1892. A 1975 suka dunƙule ƙarƙashin cibiya ɗaya.

Kwalejin Froebel ce tushen sunan da jami'ar ta yi a wannan fanni. Friedrich Froebel Bajamushe ne da ya kafa makarantar rainon yara a Bad Blankenburg, a 1840 ya raɗa mata suna Kindergarten. Hukumar Prussia, wata daula a Jamus ta wancan zamani, ta haramta irin makarantun a 1851, shi kuma ya rasu a 1852, amma almajiransa suka yaɗa tsarin a ƙasashen waje.

Koyarwarsa ita ce yaro ta hanyar wasa yake fahimtar duniya, don haka ya tsara kayan wasa daki-daki. Na farko ƙwallaye shida ne na ulu masu laushi, kowace da launinta. Na biyu na katako ne: ƙwallo, gungume mai siffar ganga, da dunƙule mai fuska shida. Na uku dunƙule ne da aka yanka gida takwas daidai wa daida. Yaro ya wargaza, ya gina kujera ko gada, ya mayar da shi yadda yake, a nan yake gane rabi da kwata tun bai san lamba ba. Inda abin yake ɓaci shi ne malama ta mayar da shi atisaye, kowa ya ɗora nan, kowa ya sauke can. Da zarar an yi haka, kayan suna nan amma darasin ya tafi.

Aikin da ya fi wahalar da sabon ɗalibi shi ne lura da yaro. Ana so ka rubuta abin da idonka ya gani, ba abin da ka zata ba. "Ya ɗora katako biyar, na shida ya faɗi, ya sake farawa" bayani ne da za a iya aiki da shi. "Yana da haƙuri" hukunci ne kawai. A sa kwanan wata da lokaci, a nemi izinin iyaye, a ɓoye sunan yaron.

Akwai kuma dokokin Ingila da dole ɗalibi ya sani. Manhajar EYFS, wato tsarin koyar da ƙananan yara na gwamnati, wadda ta fara aiki a 2008, ta shafi yaro daga haihuwa zuwa shekara 5, da fannoni bakwai. Uku ne ginshiƙai: magana da sadarwa, bunƙasar jiki, da zamantakewa. A gidan raino babba ɗaya yana kula da yara uku 'yan ƙasa da shekara 2. Ga 'yan shekara 2, yara biyar ne tun Satumba 2023, da can huɗu ne. Daga shekara 3, takwas ne, ko 13 in akwai ƙwararren malami. Kafin a tura ɗalibi aikin gwaji cikin yara, sai an binciki tarihinsa ta hukumar DBS, mai duba ko mutum ya taɓa aikata laifi.

Ga inda masu neman shiga suke yawan tuntuɓe. Digirin nazarin ƙuruciya na shekara uku ba shi ne lasisin koyarwa ba. Yana buɗe ƙofar gidajen raino, aikin tallafa wa iyalai da bincike. Mai son riƙe aji a makarantar gwamnati a Ingila galibi yana buƙatar shaidar QTS, wato shaidar zama ƙwararren malami, ko dai ta digirin koyarwa na firamare kai tsaye, ko ta ƙarin shekara ɗaya ta PGCE, wato kwas ɗin horar da malamai, bayan digirin farko. A duba ko kwas ɗin yana bayar da QTS kafin a biya kuɗin makaranta.