Lacca: Gangar Punjab a cikin kiɗan hebi metal, wa zai ja gaba?

Jama'a, barkanku da warhaka. Yau za mu duba yadda ake haɗa kiɗan gargajiyar Punjab, yankin da ke tsakanin Indiya da Pakistan, da hebi metal, wato kiɗan nan mai rugugin jita da kururuwa. Waɗanda suka fi yin suna da wannan haɗi su ne ƙungiyar Bloodywood ta birnin Delhi, wadda Karan Katiyar ya kafa a 2016. Sun hau dandalin bikin Wacken a Jamus a 2019, kuma suna da makaɗin gangar dhol nasu na dindindin, Sarthak Pahwa. Ku riƙe wannan, domin a nan hikimar take: gangar ba 'yar rakiya ba ce.

Dhol ganga ce mai fuska biyu da ake rataya a wuya. Fuska mai kauri ana dukanta da lanƙwasasshen makaɗi da suke kira dagga, siririyar fuskar kuma da tsinken kara, tilli. Tsarin bugun bhangra, wato kiɗan rawar Punjab, sunansa chaal, bugu takwas ne, amma ba a miƙe yake ba. Yana da rangaji: bugu ɗaya ya ɗan ja, na biye ya ɗan gajarta. To, a nan masu koyo ke faɗuwa. Sai su fara tsara jitarsu a miƙe, su ɗora dhol daga baya, su sa kwamfuta ta daidaita kowane bugu a kan layi. Nan take rangajin ya mutu, kafaɗa ta ƙi motsi. Ku juya tsarin. A fara ɗaukar mai dhol shi kaɗai, a gudun bugu 90 zuwa 110 a minti, sannan mai jita da mai gangunan bature su bi sawunsa.

Matsala ta biyu cunkoso ne a ƙasa, wato wajen sauti mai kauri. Gangar ƙafa ta metal, wato babbar gangar bature da ake bugawa da ƙafa, tana zaune ne wajen Hertz 50 zuwa 80 (Hertz ma'aunin kauri ko sirantakar sauti ne, ƙaramin adadi shi ne mai kauri). Jita mai tsirkiya bakwai, tsirkiyarta ta ƙasa tana kusan Hertz 62. Ga jitar bes mai kaurin murya, ga kuma dagga. Idan duk suka buga tare, sautin ya cakuɗe, ba a jin kowa. Ku yanke wa jita duk abin da ke ƙasa da Hertz 100, ku bar wa gangar ƙafa can ƙasa, dagga ya zauna a samanta kaɗan. Mafi sauƙi ma, kada mai gangar ƙafa ya yi ta ruwan bugu da ƙafa biyu lokacin da chaal ke tafiya. Ya taka inda dagga ya sauka kawai, ya adana gudun sai wurin da dhol ya yi shiru.

Wajen ɗauka, makirufo biyu ake sa wa dhol, ɗaya a kowace fuska. Tun da suna kallon juna, sau da yawa sautinsu kan cinye juna, sai ka ji gangar ta rame. Ku juya fuskar siginar ɗaya daga cikinsu a na'urar ɗauka, ku saurara, ku bar wanda ya fi cika kunne. A dandali kuma a lura da raɓa, don fatar akuya tana saki, sai an ƙara ɗaure igiya kafin a hau.

Sai tumbi, ɗan abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya wanda mawaƙin Punjab Lal Chand Yamla Jatt ya fito da shi sarari. Muryarsa siririya ce, tana daidai inda hayaniyar jita ta fi yawa. Ƙara masa sauti ba ya magani, sai dai ya huda kunne. Mai jita ne zai danne tsirkiyoyi da gefen tafinsa, ya yi gajerun bugu, tumbi ya ratsa ta tsakani. Haka ma sarewar algoza.

Abin da ya sa haɗin yake yiwuwa tun farko, a ganina, shi ne waƙoƙin Punjab suna kewaya amo ɗaya ne suna komawa gare shi, metal ma yana son ya nace wa buɗaɗɗiyar tsirkiya ta ƙasa. Don haka a ɗaure tumbi a kan wannan amo kafin a fara ɗauka, mai jita kuma ya tsaya ga haɗin amo biyu, na farko da na biyar a jerin matakan amo. Da zarar ya ƙara na uku a jerin, ya riga ya zaɓa wa mawaƙi hanya, kuma karya muryar da ake yi a baitocin boliyan, wato gajerun baitocin waƙar Punjab, za ta yi ta karo da shi.