Yadda mata masu zane ke ƙwato hoton mace daga hannun jarida

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau ya shafi wani fanni da ba kasafai ake tattauna shi a rediyo ba, wato zanen fenti na wannan zamani, musamman yadda wasu mata masu zane suka ɗauki burushi domin su bayyana da kansu wace ce mace a cikin aurenta da addininta, bayan shekaru aru-aru da wasu suka yi suna magana a madadinta.

Duk mai bin labaran duniya ya san cewa hoton mace a kafafen yaɗa labarai bai cika wuce iri uku ko huɗu ba. Ko dai amarya ce ta sha kwalliya a bangon mujalla, ko mai tallar man shafawa, ko uwa tana kuka a sansanin 'yan gudun hijira, ko kuma wata mai baƙin lulluɓi da aka ɗauka daga nesa aka ɗora a kan labarin da bai shafe ta ba. Wannan ɗabi'a ta girmi kyamara. A shekarar 1814 mai zanen Faransa Ingres ya zana wata mace a kishingiɗe a matsayin ƙwarƙwarar wani sarkin Gabas, alhali bai taɓa taka ƙasar Turkiyya ko ta Larabawa ba, kuma a 1834 Delacroix, shi ma mai zane ɗan Faransa, ya fitar da shahararren zanensa na matan birnin Aljas bayan ya yi 'yan kwanaki kacal a garin. Daga irin waɗannan zane-zane ne Turai ta gina tunaninta game da macen Musulmi, kuma har yau burbushin wannan tunani yana nan a teburin editoci.

Bari mu fara duba matan da suke ƙwato wannan hoto da Njideka Akunyili Crosby. Wannan mai zane, wadda aka haifa a Inugu a 1983, 'yar marigayiya Dora Akunyili, ta koma Amurka tana da shekara 16, kuma a yau tana aiki a birnin Los Angeles. Yadda take aikinta ya cancanci a tsaya a kansa. Takan tara hotuna daga mujallu da jaridu da intanet da kundin hotunan danginta, ta buga su a takarda, sannan ta kifa su a kan babbar takardar zane ta goga musu wani sinadari har tawadar ta koma can, dishi-dishi. Bayan haka sai ta zana mutane da fenti a kai. Daga nesa mai kallo yana ganin mace da mijinta zaune a falo, ko kwance suna hutawa. Idan ya matso sai ya tarar bangon ɗakin da kujera da rigar da ke jikin matar, wani lokaci har fatarta, duk cike suke da ƙananan hotunan mawaƙa da 'yan wasan fim da sarauniyoyin kyau da shugabannin soja. Mijin da ke cikin zanen sau da yawa nata ne, Bature ɗan Amurka, don haka auren da take nunawa haɗuwa ce ta mutum biyu da kowannensu ya shigo ɗaki da tarihin ƙasarsa. Abin da ya fi burge ni shi ne ta rage wa hotunan jarida matsayi, ta mayar da su adon bango, ta bar matar a tsakiya, a natse, ba ta yi wa kowa murmushin talla.

Hayv Kahraman ta bi wata hanya dabam. An haife ta a Bagadaza a 1981, iyalinta suka yi hijira zuwa Suwidin bayan yaƙin Tekun Fasha, kuma matan da take zanawa kusan fuskarsu ɗaya ce, da baƙin gashi da dogon wuya, cikin salon da ya ɗebo daga ƙananan zane-zanen littattafan Farisa da na Larabawa da kuma na Japan. A wasu ayyukanta matan suna tsige wa juna gashin fuska, a wasu kuma an ɗaure su da zare ana jan gaɓoɓinsu daga sama. Ta taɓo batun kisan da ake yi wa mata da sunan kare mutuncin dangi, ta kuma taɓo wahalar da mace take sha domin ta yi daidai da kyawun da mujallar Turai ta tsara, kuma ba ta sassauta wa ko ɗaya daga cikin biyun ba.

To, ina matsayin addini a nan? Sanannen abu ne cewa malaman Musulunci sun daɗe suna magana a kan zana abu mai rai, akwai hadisai masu tsoratarwa a kai, kuma da yawa daga cikin malamai sun hana, wasu kuma sun bambanta tsakanin gunki da zanen da ba shi da inuwa. Sanannen abu ne kuma cewa a fadojin Farisa da na Daular Usmaniyya da na sarakunan Mughal a Indiya an ƙawata littattafai da hotunan mutane na tsawon ƙarnoni. Yanke hukunci a wannan mas'ala aikin malamai ne. Abin da ya dace mu lura da shi shi ne, da yawa daga cikin waɗannan mata daga cikin wannan gado suke magana. Shahzia Sikander ta koyi tsohon salon zanen littattafai a kwalejin fasaha ta Lahore da ke Pakistan, inda a wajajen 1990 ta yi wani dogon zane mai bin wata budurwa ɗaki bayan ɗaki a cikin gidan iyayenta. Lalla Essaydi ta Maroko, wadda ta koyi zanen fenti kafin ta karkata ga ɗaukar hoto, takan rubuce jikin mata da tufafinsu da bangon ɗakin da rubutun Larabci, da lalle maimakon tawada, ta zaunar da su yadda Ingres da Delacroix suka zaunar da nasu, amma a suturce, suna kallon mai kallonsu ido cikin ido. A Sudan kuwa, Kamala Ibrahim Ishaq, wadda aka haifa a Omdurman a 1939, ta shafe shekaru tana zana mata a taronsu na biki da na makoki, fuskokinsu a murɗe, wasu a kulle cikin akwatunan gilashi.

Labarin Baya Mahieddine ta Aljeriya ya nuna yadda batun aure yake da sarƙaƙiya. Marainiya ce da aka baje kolin zane-zanenta a Paris a 1947 tana da shekara 16. Ta yi aure a 1953, ta ajiye fenti na kusan shekara goma, kuma marubuta da dama sun gaggauta cewa aure ne ya rufe mata baki. Amma waɗannan shekaru su ne na yaƙin neman 'yancin Aljeriya daga Faransa, kuma da ta dawo aiki a 1963 sai kayan kiɗa suka yawaita a zanenta, ga shi mijinta mawaƙi ne. Wanda ya ce aure ne kaɗai dalili ya sauƙaƙa wa kansa magana.

Sai dai akwai gyara a wannan harka, kuma ya kamata a faɗe shi. Manyan masu saye da gidajen baje koli suna Landan da New York da Paris, kuma kuɗin da ke yawo ba kaɗan ba ne, domin a watan Maris na 2017 an sayar da wani zanen Akunyili Crosby a gwanjon Christie's na Landan a kan fam miliyan 2.5. Kasuwa irin wannan tana da abin da take so ta gani, kuma matashiyar mai zane ba za ta daɗe ba za ta gane cewa lulluɓi da hawaye da rubutun Larabcin da mai saye ba ya iya karantawa sun fi saurin samun bango fiye da zanen mace tana duba jarrabawar ɗalibanta ko tana gardama da mijinta a kan makarantar yara. Idan ta biye wa wannan buƙata, tsohon hoton Ingres ne za ta sake sayarwa da sa hannunta a ƙasa. Kuma matan Bagadaza ko Omdurman da ake zanawa, mafi yawansu ba su da bizar zuwa ɗakunan da aka rataye su, balle a ji ko sun yarda cewa su ne a jikin bangon.