Laftof Na Jan Ƙafa a Kan Wi-Fi: Yadda Za Ka Gano Inda Matsalar Take

Barkanmu da warhaka, masu kallo. Ka buɗe laftof, ka danna bidiyo, sai 'yar da'irar nan ta yi ta juyawa a tsakiyar allo, ba gaba ba baya. Ka duba alamar Wi-Fi, sandunanta duk a cike. To me ya faru? Sandunan nan ƙarfin siginar da ke tsakaninka da rauta, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi a gida, kawai suke nunawa, ba ruwansu da gudun intanet ɗin da ke shigowa gidan. Abin da ke damuna shi ne yadda mutane ke garzayawa su sayi sabuwar rauta ko su ƙara kuɗin data tun ba su gano mai laifin ba. Kafin intanet ta iso allonka sai ta bi ta wurare uku: layin kamfanin da ke ba ka ita, rauta da sararin da ke tsakaninku, sannan ita kanta laftof ɗin.

Ɗauko wayarka, ka kashe datarta, ka haɗa ta da Wi-Fi ɗin da laftof take kai. Ajiye ta gefen laftof ɗin, a kan tebur ɗaya. Buɗe fast.com ko Speedtest a waya, ka rubuta lambar da ta fito, sannan ka gwada a laftof. Ɗaya bayan ɗaya, kada ka yi su tare. Idan waya ta ba ka 40, laftof ta ba ka 4, ka kama ɓarawonka, yana cikin laftof. Idan duka biyun suna rarrafe, nemo kebul ka haɗa laftof da rauta kai tsaye. Kebul ya yi gudu? Matsalar tana sarari. Kebul ma bai motsa ba? Cire rautar daga wuta na rabin minti ka mayar, in babu canji, ka kira kamfanin, don da alama laifin daga layinsu yake.

Akwai wani lissafi da ke rikita mutane. Kamfanoni da megabit suke auna gudu, ita kuwa kwamfuta idan tana sauke fayil megabait take nuna maka. Bit 8 ne ke yin bait 1. Saboda haka mai layin megabit 40 da ya ga fayil na sauka a megabait 5 cikin daƙiƙa, lafiyarsa ƙalau, ba a cuce shi ba.

Mu dawo kan sarari, don nan ne abin ya fi yawa. Yawancin rautoci na watsa sigina a zango biyu: gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Na 2.4 yana cin nisa, yana ratsa bango, amma cunkoso ya yi masa katutu. A kansa Bluetooth yake aiki, na'urar maikurowef ma kusa da 2.45 take aiki, ga rautocin maƙwabta kowa na ta surutu a kai. Tashoshinsa kuma uku ne kacal ba sa hawa kan juna: 1, 6 da 11. Na 5 kuwa fili gare shi, ga gudu, sai dai bango biyu ko uku sun isa su karya masa lago. Don haka in kana ɗaki ɗaya da rauta ko na kusa da ita, koma kan na 5. Sau da yawa za ka ga sunan Wi-Fi ɗin da 5G a ƙarshensa. Wannan gigahaz 5 ake nufi, ba 5G ɗin wayar salula ba.

Sannan ka dubi inda rautar take zaune. In tana ƙasa a lungu, ko bayan talabijin, ko cikin kabad, ka shaƙe ta. Ƙarfe, madubi, kankare da ruwa duk suna cinye sigina. Ɗaga ta sama, ka kawo ta tsakiyar gida, a fili.

Yanzu ga wanda wayarsa ke gudu, laftof na tafiyar hawainiya. A Windows, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Duba layin Network ka ga wa ke shan data a ɓoye. Sau tari za ka tarar Windows na sauke sabuntawa, ko OneDrive, ma'ajiyar fayil ta intanet, na ɗora hotuna. In kana da VPN a kunne, wato manhajar ɓoye zirga-zirgarka a intanet, kashe shi ka sake gwaji, domin datarka zagaye take yi ta wani wuri, sau da yawa wata ƙasa, kafin ta dawo. Ka kuma sa caja ka gwada. Idan gudu ya dawo da zarar wuta ta shiga, tsarin tattalin batir ne ke rage wa katin Wi-Fi, wato ɓangaren laftof da ke kama sigina, ƙarfi, sai ka sassauta shi.

Akwai umarni guda da nake so kowa ya sani. Buɗe Command Prompt ka rubuta netsh wlan show interfaces. Zai nuna maka ƙarfin sigina cikin ɗari, da tashar da kake kai, da gudun da katinka ya ƙulla da rauta. In tashar daga 1 zuwa 13 ce, kana kan 2.4, in 36 ce ko sama, kana kan 5. Mai Mac ya danne Option ya taɓa alamar Wi-Fi, zai ga irin wannan bayanin. Idan gudun ya tsaya a 72 komai kusancinka da rauta, da alama katinka na zamanin Wi-Fi 4 ne, wanda ya fito a 2009, kuma abin da za ka samu a aikace bai kai 72 ɗin ba. Kafin ka yanke masa hukunci, shiga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin ka sauke sabon direban katin, wato manhajar da ke sarrafa shi.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya taɓa wahalar da ni. Eriyar laftof a cikin murfi take, a gefen allo, kuma wasu siraran wayoyi biyu, galibi baƙa da fara, su ke bi ta maɗaurin murfin su sauko kan katin. Na taɓa kai laftof aka canza mata allo, tun daga ranar sai na zauna dab da rauta take kamawa. Da aka buɗe bayanta, sai ga farar wayar tana lilo, ɗan kanta mai kamar maɓallin riga bai shiga gurbinsa ba. Aka danna shi ya ce ƙas, sigina ta dawo. In laftof ɗinka ta fara haka bayan gyara ko faɗuwa, ka sa a duba wayoyin nan. In kuma katin ne ya tsufa, ƙaramar adaftar Wi-Fi ta USB mai kama zango na 5 za ta maye gurbinsa, ba sai ka sayi sabuwar kwamfuta ba.