Yadda ake yanka doguwar kalmar Norwe: lacca da aka rubuto daga faifai

Assalamu alaikum. Jama'a, ku dubi abin da na rubuta a allo: menneskerettighetsorganisasjon. Haruffa 30 ke nan, babu rata ko ɗaya. Ma'anarta ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam.

Kada ku fara da ƙirga gaɓoɓi. Ku fara daga wutsiya, domin a harshen Norwe uwar kalmar tana ƙarshe. Mu muna cewa gidan sauro, gida a gaba. Su kuwa myggnett suke cewa: mygg sauro, nett raga. To a nan ma organisasjon ce uwa, wato ƙungiya, rettighet haƙƙi, menneske ɗan Adam. Sai bayan an raba ta gida uku ne za a shiga kowane gida a yanka gaɓoɓinsa.

Akwai wata ƙaramar s tsakanin rettighet da organisasjon. Ina so ku riƙe ta da kyau. Aikinta ya yi kama da na n ɗinmu a gidan sauro, ɗauri ce, kuma kalmar da ta zo kafin ta take bi, ba wadda ta biyo ta ba. Arbeidsdag, ranar aiki, arbeids-dag ake yanka ta. Wani lokaci e ke yin wannan aiki, kamar a barnehage, gidan renon yara.

A nan ne harshenmu ke ba mu wahala. Bahaushe ba ya son baƙaƙe su cunkushe, shi ya sa muka ce burodi, muka ce sukurudireba. Na sha jin ɗalibi ya cusa wasali ya ce arbeidisdag. A daure a bar baƙaƙen manne da juna, a ɗora nauyin murya a kan kashin farko, sauran su biyo a hankali.

Amma muna da riba guda. Harshen Norwe yana da karin sauti iri biyu. A bakin mutanen Oslo, babban birnin ƙasar, bønder, manoma, da bønner, wake, kari kaɗai ke raba su, kamar kukan yaro da kukar miya. Kunnenku ya saba da wannan tun kuna goye.

Wajen rubutu kuma kada ku raba. Røykfritt a jikin ƙofa na nufin an hana shan taba. Aka rubuta røyk fritt, to an ce a sha yadda aka ga dama.